Algaitar Filimone

Shekara arba'in da ɗaya Manase yana gyaran algaitar mahaifinsa, bai taɓa busa ta ba ko sau ɗaya.

Shi ke kwance mata maɓallai idan iskar teku ta sa sun cije, shi ke sauya 'yan fatun da ke ƙarƙashinsu, shi ke goge ta da tokar ɓawon kwakwa har mutum ya ga fuskarsa a jikinta. In ya gama sai ya ɗauke ta da hannu biyu ya kai wa tsohon, ya durƙusa ya ce, "Baba, gwada." Tsohon ya busa, ya ce ta yi ko ba ta yi ba. Ai haka abin yake a tsibirin Tonga, ba sai an gaya wa kowa ba: ɗa ba ya taɓa kan ubansa, ba ya cin ragowar abincinsa, ba ya sa baki inda uba ya sa. Ga shi kuwa Manase ne shugaban 'yan badujalar cocin ƙauyen, daga nan har babban birni Nuku'alofa babu wanda ya kai shi iya busa kilarinet, wato irin wannan algaita ta Turawa, amma da wata baƙa ta roba yake yi, wadda aka sayo masa daga Auckland. Ta ƙarfen nan mai walƙiya sai dai ya gyara ya miƙa. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

To, tsohon nan Filimone ya rasu yana da shekara tamanin da takwas, yau kuma kwana goma cif. Da tsakar rana Gwaggo Kalolaine, ƙanwar mamacin, za ta zauna a kan tarin tabarmi a tsakar gida, 'ya'yansa su zo ɗaya bayan ɗaya ta rage musu gashi, ta kwance wa gidan takunkumi. Daga wannan lokacin kofin tsohon ya zama kofi kamar kowane kofi, kujerarsa ta zama kujera. Manase ya yi ta ƙirga kwanakin nan yana jin kunyar kansa, don bai kamata a ce ɗa ya binne ubansa ya koma yana ɗoki ba. Amma zuciya ba ta san kamata ba.

Sai ga Lisiate ya shigo tsakiya. Lisiate ɗan Gwaggo Kalolaine ne, ya zo jana'iza daga Sydney da tumbinsa da wayarsa da wani agogo mai faɗin faifai. Shi kuwa ɗan 'yar'uwa babu ƙofar da ke rufe masa a gidan kawunsa. In ya ga abu ya ce yana so, magana ta ƙare, ko alade ne ko kwalekwale. A rana ta uku ya shiga ɗakin mamacin yana 'yan dube-dube, ya jawo akwatin algaitar daga ƙarƙashin gado, ya yi ta ɗaukar hoto ta sama da ta ƙasa. Kashegari ya iske Manase a bakin ramin da ake gasa abinci yana feraye doya.

"Ɗan kawu, ka san abin da kuka ajiye a ƙarƙashin gado kuwa?"

"Tsohon ƙarfe ne, ranka ya daɗe," in ji Manase, bai ko ɗago ba. "Dubban irinta aka ƙera a Amurka kafin yaƙin duniya na biyu, don 'yan makaranta da sojoji, saboda ta katako tsagewa take in ta sha rana da ruwa. Da roba ta shigo aka watsar da su. Na ji ma fitila ake yi da su yanzu, a ɗora musu ƙwan lantarki a ka."

"Waɗancan dai. Ka iya tarihi, amma rabi ka iya." Lisiate ya tura masa wayar har gaban hanci. "Wannan azurfa ce zalla, kuma bango biyu gare ta, bututu a cikin bututu. 'Yan ɗaruruwa kacal aka yi a duniya. Akwai wani tsohon likita a Melbourne, ɗaki guda ya cika da tsofaffin kayan busa, shekara ashirin yana neman irin wannan. Tun da ya ga hoton ya hana ni sakat. Ka san abin da ya ce zai bayar? Kai, bari kawai, kada ka yanke yatsa."

"Busawa zai yi?"

"Wace irin busa kuma? A gilashi zai sa ta, da 'yar takarda a ƙasa. Ranar aski zan ɗauka, jirgina ƙarfe biyar na yamma."

Manase ya san da zancen bango biyun tun Lisiate yana yawo ba wando, ya san nauyinta a hannu kamar yadda ya san nauyin 'ya'yansa suna jarirai. Amma ba a ce wa ɗan gwaggo a'a. Ya ce, "To," ya ci gaba da feraye doyar har ta kusa ƙarewa a ɓawo.

Shi ya sa yau tun carar zakara ya kasa zaune ya kasa tsaye. Lissafin a fili yake: da an kwance takunkumi, a nan take Lisiate zai miƙa hannu. Tsakanin halal da rabuwa ko numfashi ɗaya babu. Ya je ya duba ramin gashi, ya dawo. Ya ƙirga kujerun da aka aro daga coci, ya manta adadin, ya sake ƙirgawa. Ƙatuwar yagaggiyar tabarmar makoki da ke ɗaure a ƙugunsa tana jan ƙasa, duk inda ya bi sai an ji shuu, shuu. In aski ya zo gaban goshi ya fi zafi, ba ƙarya aka yi ba.

Sau biyu ya shiga ɗakin mamacin ya fito. A na uku ya turo ƙofa. Mata duk suna can ƙuryar gida suna matse kwakwa, babu kowa kusa. Ya buɗe akwatin, ya jiƙa sabon harshen karan da ke fitar mata da sauti a ruwa, ya ɗaura shi, ya ɗago algaitar har ta zo daidai leɓensa, saura faɗin yatsa. Wa zai sani? Ko a hankali ma ya isa, sauti ɗaya, kamar kukan kurciya. Tsofaffi suna cewa wanda ya yi haka wuyansa kumbura yake. Manase dattijon coci ne, bai yarda da wannan ba, ko dai yana cewa bai yarda ba. Abin da ya tsayar da shi ƙamshin tabar tsohon ne, yana nan a jikinta kamar jiya ya ajiye. Ya sauke ta yana jin haushin kansa, da haushin Lisiate, da na likitan da bai taɓa gani ba.

A nan ne wata dabara ta faɗo masa, irin dabarar da ke zo wa mutumin kirki idan ya rasa yadda zai yi. A ɗakin ajiya na coci akwai wasu tsofaffin algaitun ƙarfe guda biyar da wata makarantar mishan ta zubar musu tun yana saurayi, irin na fitilar nan. Ya ja tabarmarsa ya nufi coci, ya zaɓo wadda ba ta lotse ba, ya zagaya bayan garken aladu ya hau dirza ta da toka har gumi ya jiƙa masa baƙar riga. Ba laifi, ta yi haske. Ya kwantar da ita a akwatin tsohon, ya naɗe ta gasken a tawul, ya taka turmi ya cusa ta a rufin ɗakin girki.

"Me kake ɓoyewa a can sama, Malam? Kifi ne?"

Matarsa Seini ce a bakin ƙofa, da kwano a hannu. Shekara talatin da huɗu suna tare, in ya yi ƙarya tun kafin ya buɗe baki take ganewa, don haka bai ma wahalar da kansa ba.

"Lisiate bai san bambancin kilarinet da bututun famfo ba," ya ce yana saukowa. "Hoto kawai ya sani."

"Likitan fa? Shi ma bututun famfo yake tarawa? Kwana biyu za a yi waya ta yi ƙara, Tonga da Sydney duk su ji cewa ɗan Filimone ya yi wa gwaggonsa wayo tun ƙasar kabari ba ta bushe ba. Da wane ido za ka tsaya gaban mutane ran Lahadi kana kaɗa musu sanda?"

"Kwana biyun sun ishe ni. Awa ɗaya ma ta ishe ni, Seini."

Ta dube shi, ta ga ba wasa yake ba, sai tausayinsa ya kama ta. Amma Seini ba ta iya nuna tausayi da taushi ba.

"To ai sai ka je wurin mai abin. Wancan mai tumbin ɗan aike ne kawai."

"Ba a roƙon gwaggo."

"Wa ya ce ka roƙa? Kai mata abinci ka zauna. Ai ka iya zama shiru kamar buhun gwaza, yau ranar amfaninsa ce."

Ta naɗe masa naman rago da madarar kwakwa a ganyen gwaza, mai zafi daga rami, ta tura shi waje.

Gidan Gwaggo Kalolaine yana tsallaken hanya, dab da nasu. Ya same ta a baranda, 'yar ƙaramar tsohuwa mai shekara tamanin da uku, idanunta sun yi fari da yana, tana gwada kaifin almakashi a kan ganyen ayaba. Ya ajiye abincin a gefenta, ya koma ƙasa a gindin matakala ya naɗe ƙafafu.

"Wane ne wannan ke jan tabarma tun safe kamar aladen da ya tsinke igiya?" ta ce, ba ta juyo ba. "Gida, coci, garke, gida. Manase, ƙaiƙayi kake ji?"

"Ina kwana, Gwaggo."

"Ban kwana ba, kai ma ba ka kwana ba, mu bar gaisuwar." Ta lalubi ƙunshin, ta shinshina. "Seini ce ta dafa wannan, ita ce kuma ta turo ka. To zauna, tun da ba ka zo roƙo ba."

Ya zauna.

"Ubanku ya taɓa gaya muku yadda abin nan ya shigo gidanmu?"

"Ya ce wani sojan Amurka ne ya ba shi."

"Ba shi! Ka ji maza." Ta yi wata 'yar dariya ba daɗi. "Lokacin da sojoji suka cika tsibirin nan, uwarmu ce ke wa 'yan badujalarsu wanki. Wata shida. Ni ke ɗebo ruwa, ina 'yar shekara takwas, guga ya fi ni tsawo. An yi mata alkawarin fulawa da yadi. Ranar da za su tashi, wani dogo mai jan kunne ya zo a guje, ya ce ba fulawa ba yadi, ya dire mata akwatin nan ya hau mota. Uwarmu ta zauna ta yi kuka, ta ce me za ta dafa da bututu. Teku ta so jefa shi. Ka san wa ya fara fitar da sauti daga cikinta? Ni. A ranar, a bayan ɗaki. Ubanka kwana uku yana kumbura kumatu ko tusa ba ta yi masa ba. Amma tun da ya sa mata baki, shi ke nan, ta fi ƙarfina. Ɗan'uwa da 'yar'uwa ba sa haɗa komai."

Manase bai taɓa jin wannan ba.

"Shekara saba'in da biyar," ta ci gaba, "ban zauna ɗaki ɗaya da yayana har na shanye kofin shayi ba. In na shigo ya fita, in ya shigo na kau da kai. Haka aka tarar, haka muka yi, ban ce ba daidai ba ne. Amma kullum da safe na san yadda ya tashi. In ya busa waƙar coci a hankali, bayansa ke ciwo. In ya busa ta sojoji, sun yi faɗa da uwarku. Ranar da aka haife ka sai da maƙwabta suka je suka ba shi haƙuri. Hirarmu ke nan, ni da shi, ta tsallaken hanyar nan."

Ta ajiye almakashin a cinya.

"Yanzu kai kana so ka ɗauka ka busa. Na san ka iya, ka ma fi shi iyawa, kada ka ce na faɗa. Sai ina zaune nan in ji ta, in ɗago kai in ce yau yayana ya tashi lafiya, sannan in tuna. Kullum? Ba zan iya ba, ɗan nan. Ni na ce wa Lisiate ya shiga ɗakin ya nemo ta, ya ƙetare teku da ita. Zancen likita daga baya ya zo, ba ruwana, ko mahaukaci ne ya ba shi. Ni dai kada in sake jin ta."

Kwana shida Manase yana zagin kwaɗayin Lisiate a zuci, yana jin daɗin zagin, don mutum yana samun sauƙi in yana da wanda zai ji haushi. Yanzu an ƙwace masa wannan ma. Ya so ya ce shi ma shekara arba'in da ɗaya yake jira, ya ga maganar ta yi ƙanƙanta a gaban saba'in da biyar.

"Na ji, Gwaggo."

Ya tashi, ya kai bakin hanya, sai ta ɗaga murya.

"Kuma ka sauko da ita daga rufin ɗakin girki, hayaƙi zai ɓata ta."

Ba a yi wa biri burtu. Ko wa ya kai mata labari, ko kunnenta ne kawai, Manase bai tsaya tambaya ba. Ya koma ya taka turmin, ya sauko da ita, ya goge ta da gefen rigarsa ya mayar da ita akwatinta. Ta cocin kuwa ya jingine ta a bayan ƙofa. Seini ta gan shi, ta ci gaba da aikinta.

Rana ta take tsaka aka taru. Mata suka shimfiɗa tabarmi masu laushi da zannuwan ɓawon itace, aka kamo hannun Gwaggo aka zaunar da ita a samansu. 'Yan'uwan Manase mata suka fara zuwa, kowacce ta kwance gashinta ta sunkuya, almakashi ya yi ƙas, ƙas, ana ta sharar hawaye. Manase yana can baya a durƙushe, rana na dukan ƙeyarsa, yana jin Lisiate a bayansa yana tambayar direba ko an sa mai a mota. Da layi ya zo kansa ya ja gwiwa ya matsa. Tsohuwar ta lalubi kansa, ta kama furfurar da ke saman kunne ta datse. Sannan ta ɗaga hannu ta ce gidan Filimone ya buɗe, a ci a sha, a yi dariya, abin da ya bari ya zama na masu rai.

"Sai abu ɗaya," ta ce. "Manase, kawo."

Ya shiga ɗaki ya fito da akwatin a hannu biyu, yadda ya saba kai wa tsohon. Ya durƙusa a gabanta. Ya yi niyyar ajiyewa ya ja baya, wallahi ya yi niyya, amma bakinsa ya riga shi.

"Gwaggo, sau ɗaya."

Wata tsohuwa ta ce, "Kai!" a ƙasa-ƙasa. Dattijo mai shekara hamsin da tara, shugaban badujala, yana roƙon gwaggonsa a gaban jama'a, gashinsa bai ko gama faɗuwa ƙasa ba. Seini ta sunkuyar da kai.

"Na faɗa maka," in ji Gwaggo Kalolaine, muryarta ba faɗa a ciki. "Ba a kunnena ba."

Lisiate ya matso ya karɓi akwatin, yana ɗan tari don kunyar ta shafe shi shi ma. Ya buɗe, ya gwada lambar da ke jikinta da ta hoton wayarsa, ya gyaɗa kai. Azurfar ta ɗauki rana ta watsa wa mutane a ido. Sai ya kama ɗan baƙin bakin roba da ke samanta, inda mai busa ke sa leɓe, ya murɗa ya cire.

"Likita ya ce wannan ba nata ba ne, na baya-bayan nan ne, rage mata daraja zai yi. Dubi ma yadda kawu ya tauna shi kamar rake. Ga kara a jiki, 'yan kwastan ɗin can sai su tsare ni a kansa. Ungo, ɗan kawu, ka jefa a shara."

Ya cillo shi haka nan, kamar ɓawon gyaɗa. Manase ya cafe da hannu biyu a ƙirji.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Aka rufe akwati, aka cusa shi a tsakiyar jaka tsakanin daskararren kifi da tabarmin tsaraba, aka ɗaga jakar zuwa bayan mota. Manase yana kallo aka ja zif. Bai ji kamar an yi masa sata ba, da ma haka ne da da sauƙi. Ji ya yi kamar an sake ɗaukar makara daga gidan.

Mutane sun fara zama cin abinci ke nan sai Gwaggo ta ce a kawo mata sandarta, za ta raka ɗanta filin jirgi. Kowa ya yi mamaki, don shekara uku rabon da ta shiga mota, amai take sa ta.

"Mama, zauna abinki," in ji Lisiate. "Me za ki gani a can?"

"Da idonka zan gani? Zan ji tashinsa. Kuma a dawowa zan biya ta Mu'a in gaida wata ƙawata a garin, an ce ba ta da lafiya." Ta juya farin idonta wajen da babu kowa, ta ƙara murya. "Kada wanda ya jira ni kafin faɗuwar rana. Nisa zan yi."

Aka tallafa mata ta shiga. Motar ta fita daga ƙauyen tana kauce wa aladu, har ƙararta ta ɓace.

Manase yana tsaye a inda yake, hannunsa a dunƙule. Seini ta zo wucewa da tire, ta zungure shi da gwiwar hannu.

"Kai dai wani lokacin sai an fassara maka rana tsaka. Ka ji ta ce nisa za ta yi, ko sai ta aiko maka da wasiƙa?"

Ya shiga ɗakinsu ya jawo baƙar algaitarsa ta roba, ya zagaya bayan ɗakin girki ya zauna a kan kututturen kwakwa. Ya cire nata bakin ya sa na tsohon. Ya yi mata yawa kaɗan, sai da ya zare zare daga gefen tabarmar ƙugunsa ya naɗa kafin ya zauna daram. Ya daɗe yana kallonsa. A saman robar akwai gurbi biyu masu zurfi da haƙoran gaba suka haƙa, shekara da shekaru. Ya sa a baki. Wuyansa bai kumbura ba.

Ya busa, abin ya yi wata tsuwa kamar an taka wutsiyar ɗan alade. Karnuka suka ɗauki haushi. Matan da ke naɗe tabarmi a tsakar gida suka kwashe da dariya, dariyar farko a gidan cikin kwana goma.

"Malam, aladen wa ka kama?" wata ta ƙwala.

Ya sake gwadawa, haƙoransa suka zame. Gurbin ba a tsakiya suke ba, sun karkata hagu. In ya riƙe kansa a miƙe yadda ya koya wa ɗalibai shekara da shekaru, ba za su shiga ba. Ya ɗan langaɓar da kai, ya ƙara langaɓarwa, ya turo haɓa gaba, sai ya ji haƙoransa sun faɗa ciki sun zauna. Ya ja numfashi tun daga ciki ya saki.

Sautin ya fito ƙasa-ƙasa, mai kauri, da 'yar kakkarwa a ƙarshensa wadda Manase bai taɓa yi ba a rayuwarsa. Ya kama waƙar cocin nan ta safe, a hankali. Dariyar tsakar gida ta mutu. Seini ta leƙo ta gefen ɗakin girki, ta hango shi ta baya, ƙeya a karkace, kafaɗar hagu a ɗage, sai ta ajiye tiren a ƙasa ta toshe baki da hannu.

A ƙarƙashin mangwaron da ke bakin shinge akwai wani tsoho, abokin mamacin tun suna yara, wanda ya ci ya ƙoshi barci ya kwashe shi a kujera. Ya motsa, bai ko buɗe ido ba, ya ɗaga hannu wajen da sautin ke fitowa.

"Filimone," ya ce, "yau ka makara."

Babu wanda ya gyara masa. Manase kuwa, hawaye na bin gefen hancinsa suna sauka a kan maɓallai, ya shiga baiti na biyu.